Gidajen kiɗan dare da barcin maƙwabta: yadda ƙananan hukumomin Ingila ke raba gardama

Idan ƙaramar hukuma ta ba gidan kiɗa lasisin yin aiki har tsakar dare, sannan ita ɗin dai ta aiko masa da takarda cewa ƙararsa ta hana maƙwabci barci, ya rage ko ya gamu da fushin doka, wacce ce maganarta ta gaskiya a cikin biyun? Wannan tambaya ta daɗe tana yawo a biranen Ingila, kuma ta fi fitowa fili a rikicin wani gidan kiɗa na birnin Manchesta mai suna Night & Day, wanda aka shafe fiye da shekara biyu ana ja-in-ja a kansa, daga ƙarshen 2021 zuwa Maris na 2024.

Mutane kan rabu gida biyu nan take. Wasu su ce maƙwabcin ne mai fitina, ya ga gidan rawa da idonsa ya je ya kama ɗaki a jikinsa. Wasu su ce mai gidan kiɗa ne ba ya ganin kowa da gashi, yana neman kuɗinsa da barcin wasu. Duk wanda ya bi dokokin a tsanake zai ga akwai mai hannu na uku a cikin rigimar, wato hukumar kanta, wadda ta raba al'amari guda ɗaya ga ofisoshi uku, kowanne da dokarsa.

Lasisin na mene ne, kuma wa ke bayarwa?

Ofishi na farko shi ne na lasisi. A Ingila da Wales, dokar lasisi ta 2003 ce ke tafiyar da wannan harka, kuma ta soma aiki sosai a ranar 24 ga Nuwamba, 2005. Kafin nan alƙalan kotun majistare ne ke ba da lasisin sayar da barasa, kuma yawancin mashaya ƙarfe 11 na dare suke rufewa. Sabuwar dokar ta ɗauke ikon daga hannun alƙalai ta damƙa wa ƙananan hukumomi, ta kuma soke tsayayyen lokacin rufewa. Kowane wuri yanzu yana da nasa sa'o'in a rubuce a jikin lasisinsa.

Mutane da yawa suna zaton barasa kaɗai dokar ta shafa. Ta shafi sayar da barasa, ta shafi kiɗa da rawa da nuna fim da dambe a gaban jama'a, sannan ta shafi sayar da abinci ko abin sha mai zafi tsakanin ƙarfe 11 na dare da 5 na asuba. Ma'ana, Bahaushen da ya buɗe shagon tsire a Landan, ko da bai taɓa ajiye kwalbar barasa ba, idan yana son ya ci gaba da miƙa wa mutane nama mai zafi bayan sha ɗaya, shi ma sai ya nemi wannan takarda, kuma maƙwabtansa suna da ta cewa.

Mai nema zai kai takardarsa ga ƙaramar hukuma, ya lissafa abin da zai yi da sa'o'in da yake so da matakan da zai ɗauka. Dole ya liƙa sanarwa a kan shuɗiyar takarda a jikin ginin inda masu wucewa za su gani, ya kuma buga a jaridar yankin. Daga nan akwai kwana 28 da 'yan sanda, da ma'aikatan kashe gobara, da jami'an lafiyar muhalli, da duk wani ɗan ƙasa za su iya rubuto ƙorafi. Da can sai wanda ke zaune ko yake sana'a kusa da wurin ne ke da wannan dama, amma tun 2012 aka cire wannan sharaɗi.

A nan ne mazauna unguwa suka fi yin asara. Idan kwana 28 suka cika ba a samu ƙorafi karɓaɓɓe ko ɗaya ba, hukuma ba ta da zaɓi, dole ta ba da lasisin. Ba a zama, ba a muhawara. Mutum zai iya wuce shuɗiyar takardar nan kullum a hanyarsa ta zuwa aiki bai tsaya ya karanta ba, sai daren da kiɗa ya soma ratsa bangonsa sannan ya gane abin da ya wuce shi. Idan kuwa an samu ƙorafi, ƙaramin kwamiti na kansiloli uku zai zauna ya saurari kowa, ya amince, ko ya ƙara sharuɗɗa, ko ya rage sa'o'i, ko ya ƙi gaba ɗaya. Wanda bai gamsu ba yana da kwana 21 ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun majistare.

Abin da kansiloli ba su da hurumin dubawa

Dokar ta kafa manufofi huɗu kacal da za a auna kowace buƙata da su: hana aikata laifi da tashin hankali, kare lafiyar jama'a daga haɗari, hana damun jama'a, da kare yara daga cutarwa. Ƙara tana shiga ƙarƙashin na ukun.

Duk ƙorafin da bai rataya da ɗaya daga cikin huɗun nan ba, ajiye shi ake yi gefe. Wanda ya rubuto cewa shan barasa mummunar ɗabi'a ce, ko cewa gidan zai karya darajar gidansa a kasuwa, ko cewa unguwar ba ta buƙatar ƙarin mashaya, ya ɓata tawadarsa. Ko cutarwar da barasa ke yi wa lafiyar al'umma ba ta cikin manufofin a Ingila, ko da yake Sikotlan, wadda ke da tata dokar ta 2005, ta sa ta a matsayin manufa ta biyar. Wannan yakan ba Musulmi da sauran masu addini mazauna can mamaki, domin abin da ya fi damunsu a zuciya shi ne abin da kwamitin ba zai saurara ba. Wanda ya ce taga ɗakin 'ya'yansa tana kallon ƙofar da masu shan taba za su taru, kuma ya nemi a rufe wannan ƙofar daga ƙarfe 11, shi ne ake ji.

Lasisi ba ya kare mai shi daga dokar ƙara

Ofishi na biyu shi ne na lafiyar muhalli, kuma dokarsa daban ce: dokar kare muhalli ta 1990. A ƙarƙashinta, idan aka kawo ƙorafi wajibi ne jami'ai su bincika. Idan suka gamsu cewa ƙarar da ke fita daga wani gini ta kai matsayin cutar da lafiya ko hana mutum morar gidansa yadda ya kamata, doka ta tilasta musu su ba da takardar umarnin dainawa. Saɓa wa takardar laifi ne, ana cin tara, ana kuma iya kwashe kayan sauti.

Wannan doka ba ta tambayar mutum nawa ne suka koka. Mutum ɗaya ya isa. Ba ta kuma ɗauki lasisi a matsayin hujja ba. Mai gidan kiɗa zai iya cika kowane sharaɗi da kwamitin kansiloli ya ɗora masa, ya rufe a kan lokaci, amma jami'in muhalli ya shiga ɗakin kwanan maƙwabci da ƙarfe ɗaya na dare ya saurara ya ce wannan ya wuce gona da iri. Kariyar da ɗan kasuwa ke da ita ita ce ya nuna wa kotu cewa ya bi duk hanyar da ta fi dacewa kuma take yiwuwa don rage ƙarar.

Akwai kuma dokar ƙara ta 1996, wadda ta ayyana dare a matsayin ƙarfe 11 zuwa 7 na safe, ta sa ma'auni na lamba da desibel, wato ma'aunin ƙarfin sauti: desibel 34 a cikin ɗakin mai ƙorafi idan wurin mai shiru ne, ko desibel 10 sama da ƙarar da aka saba ji a wurin idan ya fi haka hayaniya. Lambar ba ta yi nisa da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ba, wadda tun 1999 ta ce ɗakin barci bai kamata ya wuce desibel 30 ba da dare.

Wahalar ita ce kiɗan gidan rawa ba ya bin lamba yadda ake so. Siririn sauti bango yana tare shi. Kakkauran sautin nan kuwa, wanda ake ji a ƙirji kamar dukan ganga, yana bin bulo da ƙarfe da katakon bene ya ratsa, har mutum ya ji gadonsa na amsawa alhali na'urar awo ba ta nuna wani abin a zo a gani ba. Wanda bai taɓa kwana a jikin irin wannan bango ba yakan raina ƙorafin. Jiki magayi. Ma'aikaciyar jinya da za ta kama aiki ƙarfe bakwai, da direban bas, da uwa mai jariri, ba shagwaɓa suke yi ba idan suka ce sun kasa barci, kuma likitoci sun daɗe da danganta yawan katsewar barci da hawan jini da ciwon zuciya.

"Ai mun riga shi zuwa"

Wannan ita ce hujjar da masu gidajen kiɗa suka fi riƙewa, kuma a kunne tana da daɗi. A dokar Ingila kuwa ba ta da ƙarfi, kuma ba yau abin ya fara ba. A 1879 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke hukunci a wata shari'a da ake kira Sturges da Bridgman. Wani mai yin alewa a Landan ya shafe fiye da shekara ashirin yana daka da manyan turame a ɗakin girkinsa ba wanda ya ce uffan. Sai maƙwabcinsa likita ya gina ɗakin ganin marasa lafiya a ƙarshen lambunsa, manne da bangon mai alewa, ya tarar dakan ya hana shi sauraron ƙirjin majinyata. Kotu ta ba likita gaskiya, duk da cewa shi ne ya matso kusa da turmin. A 2014 kotun ƙoli ta sake tabbatar da ginshiƙin wannan ƙa'ida a shari'ar Coventry da Lawrence, kan ƙarar filin tseren babura a yankin Suffolk, ta kuma ce izinin gini da hukuma ta bayar ba lasisin damun maƙwabci ba ne.

Akwai hikima a ciki. Da a ce wanda ya riga zuwa ya mallaki iskar unguwa har abada, da masana'anta ɗaya ta isa ta hana a gina gidaje a kewayenta. Amma idan aka ɗora ƙa'idar a kan ƙaramin gidan kiɗa da ya yi shekara talatin a layin da babu mai kwana a cikinsa, sai ta zama takobi a wuyansa duk ranar da aka mayar da ginin da ke jikinsa gidan kwana.

Yadda gidajen kwana suka manne da gidajen rawa

Ofishi na uku shi ne na tsara birni, kuma a ganina nan ne ɓarakar take. Gidajen kiɗa da yawa sun kafu ne a tsofaffin unguwannin masana'antu da rumbunan ajiya, inda haya ke da arha kuma ba kowa da dare. Su ne suka sa unguwannin suka yi suna, matasa suka soma sha'awarsu. Daga nan masu gine-gine suka shigo suna mayar da rumbuna gidajen kwana, suna tallata su da cewa ga rayuwar dare a ƙofar gida.

A 2013 gwamnati ta ƙara buɗe ƙofa, ta ba da damar mayar da ofisoshi gidajen kwana ba tare da cikakken izinin gini ba, don magance ƙarancin muhalli. A shekarun farko ƙaramar hukuma ba ta da ikon tsayar da irin wannan aiki saboda ƙarar da ke kusa. Sai a 2016 aka gyara. Kafin nan kuma, dokar hana shan taba a cikin wuraren jama'a, wadda ta soma aiki a Ingila ranar 1 ga Yuli, 2007, ta koro masu shan taba zuwa bakin titi, inda surutunsu ke hawa kai tsaye zuwa tagogin bene. Sannan dokar kiɗa ta 2012 da gyaran da aka yi mata a 2015 suka sauƙaƙa wa mashaya yin kiɗa har ƙarfe 11 ga taron da bai wuce mutum 500 ba, ba tare da wani izini na musamman ba. Kowane ɗaya daga cikin matakan nan yana da dalilinsa mai kyau, amma ba wanda ya zauna ya haɗa lissafinsu a kan layi ɗaya.

Maganin da aka fito da shi shi ne ƙa'idar da za a iya kira "wanda ya kawo sauyi shi ke ɗaukar nauyi", wadda aka shigar cikin manufar tsara gine-gine ta ƙasa a 2018. Idan kai ne za ka gina gidaje kusa da gidan kiɗa, kai za ka biya kuɗin bango mai kauri da tagogi masu tare sauti. Idan kai ne za ka buɗe gidan kiɗa a cikin gidajen mutane, nauyin naka ne. An ga irin wannan tun kafin ta zama manufa, lokacin da aka so gina dogon bene kusa da gidan rawa na Ministry of Sound a kudancin Landan, a zamanin da Boris Johnson ke magajin gari. Bayan doguwar taƙaddama aka daidaita cewa mai ginin zai sa kariyar sauti, kuma a rubuta yarjejeniya cewa gidan rawa zai ci gaba da aiki a matakin ƙarar da yake kai.

Ƙa'idar tana da kyau, sai dai gajeriya ce. Manufa ce ta masu ba da izinin gini, ba ta goge ko layi ɗaya daga dokar 1990 ba, kuma ba ta waiwayar gine-ginen da aka riga aka kammala.

Abin da ya faru a Manchesta

Night & Day ya buɗe a 1991 a titin Oldham, a unguwar da ake kira Northern Quarter, lokacin da wurin bai zama abin da yake a yau ba. Daga baya aka mayar da ginin da ke manne da shi gidajen kwana. Wani ya tare a ɗaya daga cikinsu a lokacin kullen korona, sa'ad da birni ya yi tsit. Da aka buɗe gari kiɗa ya dawo, ya kai ƙorafi, kuma a Nuwamba 2021 hukumar birnin ta ba gidan takardar umarnin dainawa.

Masu gidan suka ɗaukaka ƙara. Hujjarsu ita ce tun lokacin da aka ba da izinin mayar da ginin gidajen kwana ba a tabbatar an yi kariyar sautin da ta dace ba, don haka laifin da aka yi a ofishin tsara birni ne ake so su biya. Dubun dubatar mutane suka sa hannu a takardar goyon bayansu. Hukumar kuma ta tsaya kan cewa ba ta neman rufe gidan, doka ce ta ɗaure mata hannu da zarar jami'anta sun tabbatar da damuwa. A Maris 2024 alƙali ta bar takardar a tsaye amma ta gyara ta, ta yadda gidan zai ci gaba da aiki bisa ƙayyadadden matakin sauti a dararen ƙarshen mako. Kafin a kai ga hukuncin ma mai ƙorafin ya riga ya tashi daga gidan.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai gidan kiɗa ya kashe kuɗin lauyoyi da masana sauti, maƙwabcin ya sha tsangwamar jama'a kan haƙƙin da doka ta ba shi, masu biyan haraji sun biya kuɗin shari'ar hukuma. Wanda ya gina gidajen ya sayar ya ci ribarsa shekaru da suka wuce, shi ne kaɗai ba a kira gaban alƙali ba. Wannan ne ya sa ba na jin daɗin yadda ake mayar da irin wannan rigima ta zama zagin mutum ɗaya da ya nemi barci.

Hayaniyar da ba ta da mai ita

Sau da yawa ba lasifika ce ke tada mutane ba. Taron da ke fitowa ƙarfe uku na dare ne, da ihu, da bugun ƙofar tasi, da zubar da kwalabe a kwandon shara da asuba. Dokar 1990 ba ta kama muryoyin mutane a kan titi ba, kuma mai lasisi ba shi da alhakin abin da kwastomansa suka yi bayan sun yi nisa da ƙofarsa.

Saboda haka hukumomi suka koma ga wasu dabaru. A unguwar da wuraren suka yi yawa, za su iya ayyana cewa tarin ya kai maƙura, sai ya zama sabon mai nema ne zai nuna cewa ba zai ƙara wa matsalar nauyi ba. Hukumar Westminster a Landan ta daɗe tana amfani da wannan a unguwar Soho da kewayenta. Akwai kuma harajin dare da dokar 2011 ta halatta a kan masu sayar da barasa tsakanin sha biyun dare da shida na safe, wanda akasarinsa ke tafiya ga 'yan sanda. Birnin Newcastle ne ya fara karɓa a 2013. Hukumar Hackney a Landan kuwa a 2018 ta sa ƙarfe 11 a ranakun aiki da sha biyu a ƙarshen mako a matsayin lokacin da ta fi son sababbin wurare su rufe, abin da ya jawo mata suka mai zafi.

Masu sana'ar dare suna cewa waɗannan matakai, haɗe da tsadar haya da wuta da abin da korona ta bari, su ne ke kashe ƙananan wurare, inda mawaƙa masu tasowa ke koyon tsayuwa gaban jama'a, inda masu gadi da masu shara da masu girki ke samun na abinci. Maganarsu tana da ƙanshin gaskiya, musamman da yake manyan kamfanoni ne ke iya ɗaukar lauya su tsallake shingen, ƙaramin mai jari kuma ya haƙura. Magajin garin Landan, Sadiq Khan, ya naɗa Amy Lamé a 2016 a matsayin jami'a mai kula da harkokin dare don sasanta irin wannan, amma a lokacin ikon ba da lasisi ya ci gaba da zama a hannun ƙananan hukumomin birnin.

Me ya rage a hannun mazaunin unguwa?

Ko an riga an ba da lasisi, ƙofa ba ta rufe ba. Kowa zai iya neman a sake duba shi. Kwamitin kansiloli yana da ikon canza sharuɗɗa, ko hana kiɗa, ko dakatar da lasisin har tsawon wata uku, ko soke shi. Abin da ke cin nasara a irin wannan zama shi ne rubutacciyar shaida: rana, da lokaci, da irin ƙarar, da yadda ta shafi mutanen gida. Idan hukuma ta yi sanyin jiki, dokar 1990 ta ba mutum damar kai ƙara kotun majistare da kansa. Inda mazauna ba su da baki sam shi ne izinin taro na wucin gadi, na mutanen da ba su kai 500 ba, domin 'yan sanda da jami'an muhalli ne kaɗai za su iya ƙalubalantarsa.

Mafi yawan rigingimun ba sa kaiwa kotu, domin sharuɗɗa masu sauƙi suna kashe su: na'urar da ke ƙayyade ƙarfin lasifika wadda jami'i ya saita ya kulle, ƙofa biyu a mashiga don kada sauti ya tsere duk lokacin da aka buɗe, rufe tsakar gida da wuri, hana zubar da kwalabe da dare, da lambar wayar manaja a hannun maƙwabta.

Mai karatu a Kano ko Kaduna da ke zaune kusa da gidan biki ya san wannan ciwo ba sai an faɗa masa ba. A Najeriya ma tsarin mulkin 1999 ya sa kula da gidajen abinci da lasisin sayar da barasa cikin ayyukan ƙananan hukumomi, kuma tun 2009 akwai ƙa'idojin ƙarar sauti na ƙasa a ƙarƙashin NESREA, hukumar da ke tabbatar da bin dokokin muhalli. Abin da ya kamata a ɗauko daga tsarin Ingila shi ne shuɗiyar takardar nan da kwana 28 ɗinta, domin tana ba maƙwabci damar magana kafin a kafa lasifika. Kuskuren da ya kamata a kauce wa kuma shi ne na Manchesta, inda ofishin da ke ba da izinin gini ya sa hannu a kan gidan kwana a jikin gidan kiɗa, bangon da ke tsakaninsu kuma bai iya tare sautin ba.